Tsakanin Aji da Lokeshin

Sashen koyon aikin jarida yana da wata baiwa da ba a rubuta ta cikin manhaja ba: kafin ya koya wa ɗalibi yin abu, sai ya fara koya masa raina wanda ya yi. Tun muna aji biyu kowannenmu ya iya zama gaban fim ɗin Hausa ya feɗe shi har wutsiya. Labarin na Indiya ne, waƙar ba gaira ba dalili, hasken ya yi yawa, darakta bai san aikinsa ba. Mun tara manyan kalmomin Turanci muna jifan bayin Allah da su a gindin darbejiya, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa haɗa hoton minti uku da za a kalla ba a yi hamma ba. Ni kuwa a sahun gaba nake. Ana ce mini darakta tun ban taɓa riƙe kyamara ba, ina kuma amsawa.

Sai aka zo kwas ɗin da malami ke raba mutane rukuni-rukuni, ya miƙo kyamarar sashe da ƙafarta, ya ce a kawo masa gajeren fim kafin ƙarshen zango. Daga nan zuwa aikin kammala karatu, haɗe da zaman sanin makamar aiki da na yi a wani ɗakin tace fim a Titin Zoo a Kano, na tsinci abubuwan da zan jero. Kowannensu da jin kunya na biya kuɗinsa.

1. Mai kallo yakan yafe wa ido, amma ba ya yafe wa kunne. Fim ɗinmu na farko labarin wata yarinya ne mai son ci gaba da karatu, mahaifinta kuma ya riga ya karɓi sadakinta. Da alama kowane ɗalibi a arewa sai ya yi wannan labarin kafin hankalinsa ya kwanta. Duk tunaninmu ya tafi kan hoto, sauti kuwa muka bar wa ɗan makirufon da ke manne a kan kyamara. A lokeshin komai ya yi mana daidai, domin kunnen ɗan Adam yana da ladabi, yakan zaɓi muryar da yake so ya tsallake sauran. Makirufo bai samu wannan tarbiyyar ba. Da muka zauna gaban kwamfuta sai muka ji abin da muka kwaso da gaske: injin niƙan maƙwabta, hon ɗin 'yan adaidaita sahu, zakaran da bai san azahar ta yi ba, da janaretan da mu da kanmu muka ajiye a zaure. Can ƙarƙashin wannan duka uba yana yanke wa 'yarsa hukuncin rayuwa, ba a jin ko kalma ɗaya.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, duk inda muka yanka sai ƙarar baya ta sauya, saboda injin yana aiki lokacin da muka ɗauki fuskar uban, ya tsaya lokacin da muka juya kan 'yar. Malaminmu ya ɗan saurara ya ce, "Ku rufe idanunku ku sake ji." Muka rufe. Ya ce, "To, wane labari kuka ji?" Aka rasa mai amsawa. Daga ranar na san makirufo kusa da baki yake zama, a rataye kan sanda daga sama, da rigar gashi saboda iska, kuma mai riƙe da shi yana da ikon tsayar da aiki ko da darakta na tsakiyar jin daɗi. Na koyi jan doguwar waya a kai janareta bayan katanga. Na koyi zuwa gida kafin ranar ɗauka in zauna kawai in saurara: ƙarfe nawa ake ta da injin, masallatai nawa ne a kewaye, yaushe ake tashin 'yan Islamiyya. Sai wani abu da ya ba ni dariya da farko: in an gama fitowa, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi edita ke cike giɓin da ke tsakanin magana da magana. Sa taron 'yan Kano su yi shiru na minti ɗaya, wannan ma kwas ne mai zaman kansa.

2. Kyamara ba ta san mutum ba, haske kawai take aunawa. Mun sa wa mai fitowa a uba farar shadda sabuwa dal, don a ganinmu haka dattijo yake, muka zaunar da shi a tsakar gida da rana tsaka. Kyamarar, da muka bar ta ta yi wa kanta hukunci, ta ga farin nan yana ƙyalli sai ta tsuke ido don kada rigar ta ƙone, fuskar bawan Allah kuwa ta koma baƙin dunƙule mai hula. Da muka buɗe don fuskar ta fito, rigar ta zama farin fili, ba aiki ba zare. Ranar tsaka kuma daga sama take dukan mutum, idanu su faɗa rami, inuwar hula ta rufe goshi. Fatarmu tana yin kyau ƙwarai a hoto, sai dai tana son haske mai laushi mai faɗi da ke zuwa daga gefe, da tufa mai ɗan duhu ko ruwan ƙasa, ba fari fat ba.

Ni da na ɗauka maganin abin sai manyan fitilu, sai wani tsohon mai ɗaukar hoto da ya yi aiki a gidan talabijin ya dube ni ya ce, "Ɗan jami'a, je ka ce wa matar gidan ta ara maka farin zanin gado." Aka ɗaure shi a sama ya tace ranar, aka riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske cikin idanu. Daga baya na karanta labarin Subrata Mitra, wanda ya ɗaukar wa Satyajit Ray hoton *Pather Panchali* na 1955 alhali kafin nan bai taɓa ɗaukar fim ba. A *Aparajito* na 1956 an gina tsakar gida irin ta Banaras a cikin sutudiyo, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a sama ya haska shi da fitilu, hasken ya dawo ƙasa a baje, irin na sararin sama. Mun taso da kallon Indiya, amma ba wannan Indiyar ba.

Akwai kuma abin da na so a ce na sani tun ranar farko. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kyamarori da wayoyi da yawa kuwa sukan zo a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, tsarin da ya dace da wutar Amurka mai 60. In ka ɗauka haka a ƙarƙashin dogon ƙwai, sai ka ga layuka suna yawo ko hasken yana rawa. Ka mayar da ita 25, saurin ƙiftawarta ɗaya bisa 50, magana ta ƙare, sai fa in janareta ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Shi kuwa hasken yamma mai ruwan zinariya da littattafai ke ta yabo, a Kano ba ya daɗewa. Rana in ta tashi faɗuwa ba ta jan ƙafa, kuma daidai lokacin ne kowa ke neman buta.

3. Dokar littafi a gidan wasu aka haife ta. Littafin da muka karanta ya ce in mutum biyu suna magana, ka ɗauke su tare, sannan fuskar wannan ta kafaɗar wancan, ka juya ka yi wa ɗayan haka, kyamara daidai tsayin ido, idanu suna haɗuwa. Haka na tsara fitowar uba da 'ya, suna tsaye suna fuskantar juna. Yarinyar da ke wasan, 'yar ajinmu, ta yi ta ƙoƙari abin ya ƙi. Matar gidan da muka ara tana zaune gefe tana tsince shinkafa tana kallon ikon Allah, har ta kasa haƙuri. Ta ce, "Kai ɗan nan, wace 'ya ce za ta tsaya ƙerere a kan ubanta tana zuba masa ido? Ko ba a gida aka haife ka ba?" Na ce, "Hajiya, ai fim ne." Ta ce, "To, fim ɗin na waɗanne mutane ne?"

Muka shimfiɗa wa uban darduma, 'yar ta durƙusa daga ɗan nesa, kanta a sunkuye. Nan take tsarina ya rushe. Tsayin ido ya sauko kusan ƙasa, ƙafar kyamara ta ƙi gajarcewa haka, sai da muka ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno. Babu kallon ido da ido da zan yanka a kansa. Amma sai ga wasan ya fito inda ban neme shi ba: a yatsunta da ke murza bakin mayafi, a carbin da ya tsaya cak a hannun uban lokacin da ta ce tana da magana, a tazarar da ke tsakaninsu. Ashe a gidan Bahaushe rikici ba a fuska yake fara bayyana ba. Kunya ta riga ta koya wa fuska rufe sirri, sai hannu da zama su tona. Da na kalli *Tokyo Story* na Yasujiro Ozu, na 1953, sai na ga ya dasa kyamararsa can ƙasa kusan duk tsawon fim ɗin, inda mutanensa ke zaune a kan tabarma. Bai nemi izinin littafin kowa ba.

Gaisuwa ma ta ba ni wahala. In ka bar ta cikakkiya, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali zuwa sanyi, mai kallo ya tashi ya sha ruwa ya dawo ba a shiga magana ba. In ka cire ta ɗungurungum, jaruminka ya zama marar tarbiyya, kuma za a riƙe shi da hakan har ƙarshen fim ko da ba haka ka nufa ba. Dabarar da na gani wurin waɗanda suka iya ita ce a shiga fitowar a wutsiyar gaisuwa, a kan "to madalla" na ƙarshe da ɗan shirun da ke biyo baya, inda kowa ya san yanzu baƙo zai faɗi abin da ya kawo shi. Wani lokaci kuma a bar gaisuwar ta yi aikin da kanta: yadda kishiya ta amsa "lafiya" ya isa ya gaya maka halin da gidan ke ciki.

Haka batun taɓa jiki. A fim ɗin Hausa namiji da mace ba sa taɓa juna, ko da a labarin miji da mata ne ko uwa da ɗa. Al'ada ta hana, hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 kuma tana sa ido. A aji mun yanke cewa wannan tauye fasaha ne, kuma a wasu wuraren hakan ne: uwa ta ga ɗanta ya faɗi ta tsaya daga nesa tana salati, ko yaro ya san ba haka ake yi ba. Amma iyakar tana tilasta wa darakta tunani. Miji ya dawo daga doguwar tafiya, me matar za ta yi a gane ta yi kewa? Yadda ta ajiye kwanon ruwa, abin da ta dafa, yadda ta zauna ta ƙi tashi. Malalacin darakta sai ya sa ta faɗa da baki, ko ya jefa waƙa.

4. Lalle ba ya jiran jadawalinka. Mun ɗauki rabin fitowa aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, aka ce sai wani mako. A tsakani jarumar ta je bikin 'yar'uwarta, ta dawo hannu ya sha lalle, ja da baƙi, har gwiwar hannu. A fim ɗin tana miƙa kofi da hannu ba komai, a yanka na gaba tana janye hannun amarya. Uban kuma ya yi aski. Mai kontiniti, da a da nake ganin wanda aka rasa aikin ba shi ne, ashe shi ke ɗaukar hoton kowane ɗaurin kallabi, ya rubuta a wane hannu carbi yake, shayin kofin ya kai ina. Shi ne kuma ya gargaɗe ni kan layin nan da ke tsakanin masu magana biyu, wanda ba a so kyamara ta tsallaka. Ranar da na tsallaka, uba da 'ya suka koma duk gabas suke kallo, kowa yana magana da bango.

5. Tambaya a rubuce, amsa a haddace. Aikin kammala karatuna fim ne na gaskiya, ba na wasa ba, a kan wani dattijo mai gyaran rediyo a cikin birni, sana'ar da waya ke neman binnewa. Na je da tambayoyina a takarda, na sa shi ya saka babbar riga, na share teburinsa don ya yi kyau, na zaunar da shi ya fuskanci kyamara. Mutumin da jiya-jiya yake ba ni dariya da labarin yadda rumfarsa ke cika in an yi juyin mulki, kowa da rediyonsa a hannu yana so a gyara yanzu-yanzu, sai ya zama wani daban. Ya gyara murya, ya gode wa Allah, ya gode wa hukumar makarantarmu, sannan ya ce yana kira ga gwamnati da ta shigo ta tallafa. Kowace tambaya na yi, a kan kira ga gwamnati take sauka. Ba laifinsa ba ne. Shekara da shekaru yana jin yadda ake magana in an miƙo makirufo, ni kuma na zo masa da duk alamun irin wannan zaman ne.

Na koma ba takarda. Na roƙe shi ya bar tebur da tarkacensa, na kawo tsohuwar rediyon gidanmu da ta daina magana na ce, "Baba, a duba mini wannan." Kyamara tana gefe. Hannunsa na hawa kan aiki bakinsa ya saku. Yana goge ƙura yana faɗin tashar da ake kamawa a kowane mita da asuba, da yadda mahaifinsa ke tara maƙwabta a ƙofar gida a saurari Landan. Na koyi cewa "yaya aka yi" ta fi "me za ka ce game da" buɗe baki. Abu mafi wuya kuwa shi ne kame nawa bakin. In mutum ya gama amsa, ɗan jarida yakan yi sauri ya cike shirun da tambaya ta gaba, don kada a ga ya rasa abin faɗa. In ka daure ka yi shiru kana kallonsa, sau da yawa sai ya ja numfashi ya ƙara wata magana, kuma ita ce ta cikin zuciya. A irin wannan shirun ne ya ce cikin 'ya'yansa babu wanda ya yarda ya gaji rumfar, kuma bai ga laifinsu ba.

Da sakewar ta yi nisa ya faɗi wasu abubuwa game da iyalinsa, ya manta ana ɗauka. Sun fi komai daɗi a fim ɗin. Na kai masa ya gani kafin in miƙa, ya ce a cire guda, na cire ina ƙunci. Har yau ina ganin ita ce fitowa mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma har yau ina ganin shi ke da gaskiya.

6. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Titin Zoo aikina na farko shi ne sayo abinci da kwafe hotuna daga kati zuwa rumbun kwamfuta. Da na ɗan saba, sai na fara baje kolin ilimina ga editan da nake ƙarƙashinsa: me ya sa ake barin fitowa ta yi tsawo haka a hoto ɗaya, me ya sa sai an yi waƙa, me ya sa ake raba labari guda zuwa na ɗaya da na biyu. Bai yi fushi ba. Ya turo mini kujera ya ce, "Malam, ga abin da aka kawo daga lokeshin, yanka mini yadda littafinku ya ce." Na duba, babu abin yankawa. Hoto ɗaya aka ɗauko daga nesa, da fuska ɗaya. Gidan na aro ne, mai shi ya ce a fita kafin magariba. Jarumin yana da wani lokeshin da yamma. Furodusa da kuɗin aljihunsa yake yi. Kowace ƙarin kusurwa lokaci ne, lokaci kuma abinci ne da mai da kuɗin haya.

Daga bakinsa da na tsofaffin hannu na fahimci sauran. Masana'antar nan ba gwamnati ce ta kafa ta ba, ba kuma 'yan makarantar fim ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne na gari. Tumbin Giwa ta fitar da *Turmin Danya* a 1990 a kaset ɗin bidiyo, marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka mayar da littattafansu fim, har aka zo kan *Sangaya* a 1999, wanda waƙarsa ta cika gari, 'yan kasuwa suka gane abin da ke sayar da kaset. A wancan zamanin dillalai irin na Ƙofar Wambai ke sayen fim, kuma sau da yawa waƙar da ke cikin talla ake dubawa kafin labarin. Rabawa biyu kuwa ciniki biyu ne da kuɗin aiki ɗaya. Da satar fasaha da tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai, sai aka koma masu dogon zango: Arewa24 da ta fara a 2014 ta zo da *Daɗin Kowa*, Aminu Saira ya yi *Labarina*, YouTube ya zama sabuwar kasuwa, inda yawan kallo da tsawonsa ke kawo kuɗi. Kusan duk abin da na yi wa dariya a aji akwai lissafi a bayansa.

Ba cewa na yi komai daidai ne ba. Akwai ganganci na gaske, akwai kwafar labarin Indiya ba kunya, akwai wanda aka ba kuɗi da lokaci ya kawo shirme. Amma sai ka bambance talauci da lalaci kafin ka buɗe baki. Abin da ya fi ba ni kunya, na iya jero daraktocin Faransa da Italiya alhali ban taɓa jin cewa Adamu Halilu ya yi *Shaihu Umar* a 1976 ba, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa, don sinima. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Jos, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. A ƙetaren iyaka kuma, Umaru Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972, Mustafa Alassane kuwa yana yin fim ɗin zane tun shekarun 1960. Maƙwabtanmu ne na jikin katanga, ni kuma idona yana Turai.

7. Wahalar da ka sha ba hujja ba ce. Akwai wani hoto da muka ɗauka daga kan Dutsen Dala da asuba, gari yana farkawa cikin hazo. Mun hau da kaya a ka cikin sanyi, har ɗayanmu ya gurɗe. Hoton ya yi kyau, kuma babu abin da ya haɗa shi da mai gyaran rediyo. Na sa shi a farko bai zauna ba, na kai shi tsakiya ya tsayar da labarin, na mayar da shi ƙarshe. Editan ya ce, "Mai kallo bai hau dutsen tare da kai ba." Shi ya sa ake son wanda bai je lokeshin ba ya yi yankan, don abin da ke allo kawai yake gani. Tace fim kamar tankaɗe ne, ba a mayar da tsaki cikin gari don an sha wuyar dakansa.

A teburin tacewa ne kuma na yarda da gwajin Lev Kuleshov da muka haddace don jarrabawa. A Rasha, wajen 1920, ya ɗauki fuskar ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, a fuskar da ba ta sauya ba. Na gwada da dattijona. Ya ɗaga kai ya dubi titi, a gaskiya mai rake yake nema. Da na biyo da hoton samari sun wuce kowa da waya a kunne, sai kallon ya zama na mutumin da zamani ya tafi ya bari. Abin ya yi aiki har ya ba ni tsoro, domin a fim ɗin da na kira na gaskiya na sa wa mutum tunanin da bai yi ba. Na bar shi a ciki, kuma har yanzu yana ɗan cizona.

A gurguje: wani rukuni a ajinmu rumbun ajiyarsu ya faɗo daga kan babur ana gab da miƙa aiki. Ba a goge kati sai an ga hoton a wuri biyu.

8. Ka san inda za a kalle ka. Na tace fim ɗina a babban allo, a ɗaki mai duhu, da abin saurare mai kyau a kunne. Ranar da aka haska shi a sashe ya yi kyau, na samu makin da nake so. Sai na tura wa ƙanwar mahaifiyata a waya, don ita ta fi kowa kallon fim a danginmu. Ta kalla a tsakar gida da rana, tana yankan kuɓewa, wayar jingine da kwano, gilashinta a tsage. Na tsaya a bayanta na ga fim ɗina yadda mutane za su gan shi. Hotunan nesa da nake taƙama da su sun zama ɗigo-ɗigo. Fitowar cikin rumfa da na bari da ɗan duhu da gangan ta koma baƙi ƙirin. Kiɗan da na shimfiɗa a ƙasa ya hau kan muryar dattijon, domin 'yar lasifikar waya ba ta fitar da kaurin murya, sai tsininta. Rubutun sunaye kuwa sai da tabarau. Ta ce, "Ya yi kyau, ɗana, Allah ya yi albarka. Amma me tsohon yake cewa?"

Wanda zai kai fim sinima ko biki, ya yi don babban allo, ba a hana shi ba. Amma yawancin masu jin Hausa, daga Kano zuwa Damagaram zuwa zangon Kumasi, a waya za su same ka, wataƙila ma bayan an matse fim ɗin an yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Na koma na ɗaga muryar sama da kiɗan, na buɗe hasken rumfar, na musanya wasu hotunan nesa da na kusa, na ƙara girman rubutu. Yanzu kafin in ce aiki ya gama, sai in zuba shi a wayar da ta fi kowace araha a gidan, in fita waje cikin rana da hayaniya, in miƙa wa wanda bai san labarin ba. Ba fuskarsa nake kallo ba, don zai yi mini kara. Babban yatsansa nake kallo, in ga a wane minti zai kai shi kan allo ya ja gaba.